Kafin Ka Kwashe Asusun Ma'aikata Zuwa Sabon Domen

Idan kamfanoni biyu suka haɗe, mai kula da kwamfutoci ne ke shan wahalar kwashe asusun ma'aikata. Yawanci da ADMT 3.2 na Microsoft ake yi, kuma yana buƙatar SQL Server.

Kada ka fara da mutane. Tabbatar domen biyun suna ganin juna ta DNS, kuma an ƙulla amincewa tsakaninsu. Kwashe rukunoni tukuna, sannan asusu, kwamfutoci a ƙarshe.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lambar SID. Windows da wannan lamba take gane ma'aikaci, kuma sabon asusu sabuwar lamba yake samu. In ba ka zaɓi a taho da tsohuwar cikin tarihin SID ba, gobe da safe akawu zai tarar fayilolinsa sun ƙi buɗuwa, kuma kai zai nema. In domen biyun ba a fores ɗaya suke ba, sai ka sassauta tacewar SID a kan amincewar, ka mayar da ita bayan an gama.

Kalmomin sirri kuwa, in ba a fores ɗaya domen biyun suke ba, ba sa biyowa sai ka girka Password Export Server a sabar tsohon domen. Gwada da asusu kaɗan kafin ka taɓa na manaja.