Darasinmu Na Wannan Wata: Yadda Aka Haifi Ilimin Zaman Jama'a

'Yan'uwa, da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ke jami'a suna karanta fannin da Turawa ke kira sosholoji, wato nazarin zaman jama'a. Ya kamata mu san inda ya samo tushe, domin tambayar da ta haife shi ta shafe mu: me ke riƙe al'umma idan tsoffin ginshiƙanta suka girgiza?

Juyin juya halin Faransa na 1789 ya tumɓuke sarauta, ya kuma ƙwace kadarorin Ikilisiya. Masana'antu kuwa suka kwashe manoma daga ƙauyuka zuwa birane, inda ba dangi, ba maƙwabcin arziki. A cikin wannan ruɗani Auguste Comte ya tashi. An haife shi a 1798 a gidan Katolika, amma ya bar bangaskiya tun yana saurayi. Shi ne ya yaɗa sunan wannan fanni, yana mai cewa a nazarci al'umma kamar yadda ake nazarin taurari, ta hanyar lura da gwaji. A ganinsa zamanin addini ya wuce. Abin mamaki, a ƙarshen rayuwarsa sai ya kafa nasa addinin na girmama ɗan Adam, har da limamai da kalandar manyan mutane a maimakon tsarkaka. Ashe ya gane cewa lissafi kaɗai ba ya haɗa zukata.

Wanda ya ba fannin gindin zama a jami'a shi ne Emile Durkheim, ɗan malamin Yahudawa, wanda ya fara koyarwa a Bordeaux a 1887. A 1897 ya fitar da littafinsa a kan kisan kai, wato mutum ya hallaka kansa. Ya duba alƙaluman ƙasashen Turai, ya ga abin ya fi yawa a yankunan Furotesta fiye da na Katolika, ya fi yawa ga marasa aure fiye da magidanta masu iyali. Bai danganta wannan ga koyarwa ba, tunda ɓangarorin biyu duk sun haramta shi. Dalilin da ya bayar shi ne ƙarfin cuɗanya: wanda ke da jama'ar da za ta neme shi idan ba ta gan shi ba, yana da abin da zai riƙe shi.

Kada mu yi saurin alfahari. Masana daga baya sun nuna cewa mai yiwuwa a garuruwan Katolika ana ɓoye irin wannan mutuwa, don kada a hana mamacin jana'izar Ikilisiya, saboda haka alƙaluman suna da rauni.

A daidai wannan zamani, a 1891, Paparoma Leo na 13 ya rubuta wasiƙarsa Rerum Novarum a kan halin da ma'aikata suke ciki, inda ya kare haƙƙinsu na samun albashin da zai ciyar da iyali da kuma kafa ƙungiyoyi. Ita ce za mu duba a wata mai zuwa.