Tanki zan ƙara, ko sabon kwamfaresa zan saya?

Ni mai walda ne a Malumfashi, a ƙofar gidanmu nake aiki. Ina yin ƙofofi da tagogi, da kaka kuma ina gyara amalanke da tirelar tarakta ga masu kwaso masara daga Kafur da Bakori. Ina da ƙaramin kwamfaresa mai tankin lita 24 da nake ba taya iska da shi. Bana na fara fesa fenti da kaina, amma kafin in kai rabin ƙofa iskar ta ƙare, fentin ya riƙa fita gudaji-gudaji. In na ɗora shi a kan janareta kuwa, sai ya yi gurnani ya mutu. Wani abokina ya ce in samo tsohuwar tukunyar gas in haɗa masa da walda. Na ɗan tara kuɗi. In bi shawararsa, ko in sayi mai lita 100?

Mai walda, Malumfashi

Don Allah ka bar maganar tukunyar gas. Ragowar gas ɗin da ke cikinta na iya kamawa da zarar wutar walda ta taɓa ta, kuma ƙarfen da aka yi wa ɗinki ba a gwada shi ba yana iya tarwatsewa in iska ta cika shi. A ƙofar gida kake aiki, inda yara ke kai da komo.

Ko da ta haɗu lafiya ma, ba ta warkar da ciwonka. Tanki randa ce kawai. Kan injin shi ne mai ɗebo ruwan. Lita 24 da matsinta ya sauka daga bar 8 zuwa bar 3 iskar lita 120 kaɗai ta ba ka, alhali bindigar fenti tana iya shan lita 200 zuwa 300 a minti ɗaya. Ka ga ko minti guda ba za ta kai ba. Mai lita 100 da ƙaramin kai zai ƙara maka minti ɗaya ko biyu, sannan ka koma zaman jira. Bugun taya bai tona wannan asirin ba saboda aiki ne na ɗan lokaci, a tsaya. Saboda haka abin tambaya a shago shi ne: lita nawa yake fitarwa a minti? A kula, lambar da ake mannawa a jiki sau da yawa ta iskar da yake zuƙa ce, wadda yake bayarwa ba ta kai haka ba.

Ni dai mai bel nake ba ka shawara, mai fistin biyu da ake zuba wa mai. Yana juyawa a hankali, bai cika zafi ba, kuma ana iya gyara shi gunduwa-gunduwa.

Sai batun wuta, wanda a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Motar lantarki ta kwamfaresa mai ƙarfin doki 3 daidai take da kusan kilowat 2.2, amma a lokacin tashi tana jan ninkin haka sau da yawa; abin da ke kashe janaretanka ke nan. Wuta mai rauni kuma ƙona koyil take yi. In ba ka da babban janareta, ɗauki wanda injin fetur ke ja, mai doki 5.5 ko 6.5, irin na famfon ban-ruwa da 'yan fadama ke amfani da shi. Makanikansa da kayan gyaransa suna nan a Funtuwa da Malumfashi. Fetur ya yi tsada tun cire tallafi a 2023, don haka ka tara ƙofofinka ka fesa su rana ɗaya, a fili, ba cikin zaure ba.

Ko a Sabon Gari ta Kano za ka saya, ko na hannu a Fanteka ta Kaduna, kada ka biya sai an tayar da shi a gabanka. Ka ga ya cika ya yanke da kansa, ka ja zoben bawul ɗin kariya ka ji ya yi huci, ka kwance ƙusar ƙarƙashin tanki. In jan ruwa mai tsatsa ya zubo da yawa, ko ka ga tabon walda a jikin tankin, bar musu kayansu.

Da damina ka riƙa zubar da ruwan tanki kullum bayan tashi daga aiki, ka sa matatar ruwa kafin tiyon bindiga. Da hunturu kuma matatar iska ce ke toshewa da ƙura, sai a riƙa kakkaɓe ta duk mako. Ƙaramin naka kada ka sayar. Ya ishe ka tayoyin amalanke da babur.