Markus, Saurayin da Ya Juya Baya

Karatu: Ayyukan Manzanni 13:13, 15:36-41, 2 Timoti 4:11.
Aya ta haddacewa: Afisawa 4:32.

Da yawa cikinmu sun iya cewa da baki sun gafarta wa ɗan'uwa, amma ba su ƙara amince masa da kome. Darasinmu na yau yana koya mana cewa gafarar Kirista ba ta cika sai an sāke ba mai laifi wuri cikin aiki.

1. Fāɗuwar Markus

Yohanna, wanda a ke kira Markus, ɗan Maryamu ne, wadda masu bi su ke taruwa a gidanta a Urushalima domin addu'a. Sa'ad da ikilisiyar Antakiya ta aiki Bulus da Barnaba wa'azi, suka tafi da shi ya zama mai taimakonsu. Ya bi su har suka ratsa tsibirin Kubrus, amma da suka haye zuwa ƙasar Bamfiliya sai ya rabu da su, ya koma gida. Ya bar su a daidai lokacin da tafiya za ta yi wuya.

2. Gardamar Manzanni

Wajen shekara ta 49 ko 50 bayan haihuwar Almasihu, Bulus ya yi niyya su koma su ziyarci ikilisiyoyin da suka kafa. Barnaba yana so a tafi da Markus, Bulus kuwa ya ƙi. Kalmar da Luka ya rubuta a Helenanci tana nufin gardama mai zafi ƙwarai. Har suka rabu: Bulus ya zaɓi Sila, Barnaba ya ɗauki Markus suka nufi Kubrus.

Kada mu yi saurin hukunta Bulus, gama yana kishin aikin Ubangiji ne. Amma mu tuna, Barnaba ne ya kama hannun Bulus kansa ya kai shi wurin manzanni, a lokacin da dukan masu bi su ke tsoronsa saboda tsanantawar da ya yi musu a dā. Abin da ya yi wa Bulus, shi ne ya ke so ya yi wa Markus.

3. Ƙarshen Labari

Bayan shekara goma da 'yan kai, Bulus yana kurkuku, sai ga Markus tare da shi. Ya rubuta wa Kolosiyawa su karɓe shi idan ya zo, ya kuma lissafta shi cikin abokan aikinsa a wasiƙar Filimon. Da mutuwarsa ta yi kusa, ya roƙi Timoti ya zo masa da Markus, domin yana da amfani gare shi. Tun zamanin dā ikilisiya ta riƙe cewa wannan Markus ne ya rubuta Bishara ta biyu.

4. Abin da Za Mu Koya

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Idan an sa ɗan'uwa a horo, ya tuba, kwanakin horonsa suka cika, bai kamata ya zauna a kujerar baya har abada ba. Amma ku lura, Barnaba bai aiki Markus shi kaɗai ba. Ya tafi tare da shi. Haka dattawa za su yi: a ba wanda ya tuba ƙaramin aiki, wani babba yana kusa da shi, har amana ta dawo.

Kai kuma da ka taɓa juya baya, kada kunya ta hana ka komowa. Ubangiji wanda ya mai da Bitrus bayan ya yi musunsa sau uku, yana kiranka.

Tambayoyi

1. Don me Bulus ya ƙi tafiya da Markus?
2. Me Barnaba ya yi hasara domin ya tsaya wa Markus?
3. Akwai wanda ka ce ka gafarta masa, amma har yanzu kana riƙe da laifinsa? Me za ka yi masa a wannan mako?