Filin Kimiyya: Yawan Ruwan Sama da Lokacin Saukarsa

Yau za mu duba wani irin yanayi wanda masanin nan Wladimir Köppen ya bayyana cikin tsarinsa na 1918. Ana samunsa galibi a gabashin nahiyoyi, tsakanin digiri 25 da 40 daga layin da ya raba duniya biyu. Alamunsa su ne zafi mai gumi, watau matsakaicin zafin watan da ya fi zafi ya haura digiri 22 na Santigireti, sa'an nan hunturu mai sanyi amma ba mai tsanani ba.

To, yanayin nan iri biyu ne. Na farko, mu ɗauki unguwar Sedgefield ta birnin Greensboro, a Jihar Karolina ta Arewa, Amurka. Can akan sami ruwa wajen inci 44 a shekara, kuma babu watan da ba ya sauka. Lokacin zafi iska mai laima takan taso daga Tekun Atalantika da na Meziko. Da hunturu kuwa iskar sanyi takan gamu da mai ɗumi, sai hadari ya haɗu.

Na biyu shi ne mai bin iskar damina, kamar a Lucknow ta arewacin Indiya, da Hong Kong, da Zambiya. Lucknow takan sami kusan inci 40, amma yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba. Dalili kuwa, Asiya ƙasa ce mai faɗi ƙwarai. In ta ɗau zafi sai ta jawo iskar teku mai ruwa. In ta huce sai iska ta juya, ta fito daga tudu a bushe, kamar hunturunmu.

Kun ga ruwan kusan ɗaya ne, rabonsa ne ya bambanta. Manomin Karolina yakan shuka alkama da kaka ya bar wa sama. Na Indiya sai da ban ruwa, shi ya sa aka buɗe babbar magudanar kogin Ganges a 1854. Kano ba ta cikin wannan yanayi, gama ta fi zafi da bushewa, amma matsalar ɗaya ce, kuma ita ta sa aka gina madatsar Tiga a 1974.

Saboda haka in an gaya muku yawan ruwan wata ƙasa, ku tambaya: cikin waɗanne watanni? Ku huta lafiya.