Itacen Da Kakanka Ya Bari

Karatu: Farawa 2:15, Kubawar Shari'a 20:19, Levitikus 25:23

Duk wanda ya bi hanya daga Kankiya zuwa Kusada da rani ya ga gawo tsaye cikin gonaki. Wannan itace abin mamaki ne. Da damina yakan zubar da ganyensa, gero ya sami rana da taki. Da rani kuwa ya yi kore, awaki su ci 'ya'yansa. Ba kai ka dasa shi ba. Kakanka ne ya same shi ƙarami, ya janye gatarinsa.

A dā mutum yakan yini yana saran babban itace guda. Yanzu injin yanka yana kā da shi tun kafin a gama dama fura, mota ta kwashe itacen ko gawayin zuwa birni. Mai tarakta kuma yana so a tumɓuke kowane kututture domin kada garmarsa ta karye. Ba mu ce inji mugun abu ne ba, gama ya rage wa matanmu wahalar daka da niƙa. Amma hannun da ya ƙara ƙarfi, lissafin da za a nema gare shi ya ƙaru.

Ku duba karatunmu. Ubangiji ya ba Adamu aiki biyu cikin gonar, noma da tsaro. Mu mun riƙe na fari, mun saki na biyu. Cikin Attaura an hana Isra'ilawa sare itatuwa masu 'ya'ya ko da suna yaƙi da birnin maƙiya. In aka hana soja, ina ga manomi cikin gonar ubansa? An kuma faɗa musu ƙasa ta Allah ce, su baƙi ne a cikinta.

Wani zai ce, "Na dasa, sun mutu." Gaskiya ne. Haka ya faru da Tony Rinaudo, ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, a ƙasar Maraɗi, can gaba da Jibiya. Ya yi ta dasa itatuwa, rana da awaki suna cinyewa. A 1983 ya lura ƙananan kurmin da ake sassabewa kowace shekara tohon tsofaffin itatuwa ne, saiwarsu tana da rai a ƙasa. Sai ya koya wa manoma su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, su datse sauran, su tsare su. Da fari an yi masa dariya. Bayan yunwar 1984 mutane suka fara karɓa, Musulmi da Kirista, har abin ya kai wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Wuƙa kaɗai ake bukata, da haƙuri.

Wahalar tana nan: mai yunwa bana ba ya iya jiran inuwar baɗi, buhun gawayi kuwa kuɗi ne a hannu yau. Saboda haka kada ekklesiya ta tsaya ga tsauta wa matalaucin da ya sayar da itacensa. Dattawa su tambaye shi abin da ya kai shi, a buɗe rumbun baiko a taimake shi.

Kafin sassabe na bana, kowane mai gida ya zaga gonarsa tare da 'ya'yansa, su ƙidaya kututturen da ke toho, ya nuna musu waɗanda ba za a taɓa ba. Ranar Lahadi ta gaba ku kawo lissafin ga malamin aji.