Gasar Kiɗa da Rawa ta Yara

Wani malamin makaranta daga Filinge, ƙasar Kurfai, ya rubuto yana tambaya: shin an taɓa shirya wa matasa gasar kiɗa da waƙa da rawar gargajiya a Nijar?

To, Malam, mun gode. An taɓa yi, ƙwarai kuwa. A zamanin Shugaba Seyni Kunce, haifaffen Fandu a nan yankinku, wanda ya hau mulki a 1974, an raya ƙungiyoyin samariya. A wancan lokaci, samariyar nan ita ce ke kai 'yan wasa bikin matasa na ƙasa. Gasar daga ƙasa take farawa: unguwa da ƙauye su fitar da gwanayensu, a kara a gunduma, a kara a jiha, sannan a haɗu gaba ɗaya. Da yawa daga mawaƙanmu a nan suka fara buɗe murya.

A ƙasar Ayalan ma haka suke yi, da wata gasa mai suna Scór, tun 1969. Ƙungiyoyin wasanni na gari ne ke shirya ta, kuma yara na da rukuninsu daban.

A ganinmu, Malam, makarantarku za ta iya fara irin wannan gasa da aji biyu da makaɗi ɗaya na gari.