Yaushe tamraro mai wutsiya za shi komo?

Manomi da makiyayi na Adar sun san sama. Sun san Kaza da Ƴaƴanta, sun san Gamzaki mai fitowa da asuba. Amma akwai wani baƙo da ba ya zuwa sai bayan shekara 75 ko 76. Shi ne tamraro mai wutsiya da ake ce ma Halli. Zuwanshi na baya cikin 1986 ne. Zuwanshi na gaba cikin 2061 ne.

Mene ne shi?

Ba tamraro ba ne irin sauran. Curi ne na ƙanƙara da ƙura da duwatsu. Tsawonshi kamar kilomita 15, wato tafiyar awa 3 da ƙafa. Yana kewaya rana bisa doguwar hanya. In ya kusanci rana, zafi ya taɓa ƙanƙarar, sai turiri da ƙura su tashi. Hasken rana ya haska su. Wannan ita ce wutsiyar. Kullum wutsiyar tana miƙewa gefen da ba ya fuskantar rana.

Cikin watan Maris na 1986, wani kumbo na ƙasashen Turai mai suna Jiyoto ya matsa kusa da shi, ya ɗauko hotonshi. An ga curin baƙi ne kamar gawayi.

Wa ya gano lissafinshi?

Wani masani ne na Ingila, Edmon Halli. Ya ga tamraron cikin 1682. Ya binciki tsofaffin takardu, ya tarar an ga irinshi cikin 1531 da 1607. Sai ya gane guda ne ke zuwa yana komawa. Cikin 1705 ya rubuta cewa za shi komo wajen 1758. Halli ya rasu cikin 1742, bai gani ba. Amma ƙarshen 1758 sai ga tamraron ya bayyana. Don haka aka sa mashi sunanshi.

Yana kawo masifa?

Wasu na cewa in ya fito za a yi yunwa, ko wani babba ya rasu. A duba shekaru. Farin 1973 ya kashe bisashe da yawa cikin jihar Tawa. Lokacin nan tamraron Halli yana can nesa, ido ba ya ganinshi. Farin 1984 ma ya riga shi zuwa, don bai iso ba sai 1986. Cikin watan Mayu na 1910 duniya ta ratsa cikin wutsiyarshi. Mutane sun tsorata a ƙasashe da dama, amma ba abin da ya samu kowa.

Ashe ba shi ke hana ruwa ba, ba shi ke kawo su ba. Kada tsoro ya sa wani ya sayar da bisashenshi da araha, ko ya ƙi shibka. Kada a ba kowa kuɗi don maganin tamraro.

Ina yake, yaushe za a gan shi?

Cikin Disamba na 2023 ya kai ƙarshen hanyarshi, nesa da rana fiye da kilomita miliyan dubu 5. Daga nan ya juyo. Ranar 28 ga Yuli 2061 za shi fi kusa da rana.

Cikin 1986 bai yi haske sosai ba, don lokacin da ya kusanci rana yana bayanta. Cikin 2061 shi da duniya za su kasance gefe guda, saboda haka ana sa ran za shi fi fitowa sarai.

Ƙarshen Yuli tsakiyar damina ne a Takanamat, hatsi na tashi cikin gonaki. Sai a jira daren da babu hadari, a fita bayan gari inda babu fitila. Ƙauye ya fi birnin Tawa duhu, don haka mutanen ƙauye za su fi ganinshi.

Kafin nan akwai alamarshi kowace shekara. Ƙurar da ya bari bisa hanya tana shigowa iskar duniya ta ƙone. Ana ganinta kamar tamrari na faɗuwa, farkon watan Mayu da wajen 21 ga Oktoba, kafin asuba.

Wanda aka haifa cikin 1986 za shi kai shekara 75 ranar nan. Yaron 2020 za shi kai 41. Wanda ya iya rubutu ya rubuta 2061, ya aje ma ƴaƴanshi da jikokinshi, don su tarbe shi da sani, ba da tsoro ba.

Tambayoyi

1. Da me aka yi tamraro mai wutsiya?
2. Daga 1910 zuwa 1986 shekara nawa ne?
3. Ɗanka ko ɗiyarka shekara nawa za su kai cikin 2061?